Ƙarfafa Hukumomin Kwastan Domin Sauƙaƙa Ciniki Tsakanin Ƙasashe: Darussa daga Duwala da Hanyar Kwatano zuwa Yamai

1.0 Gabatarwa

Duk buhun shinkafa ko kwalin magani ko injin ban-ruwa da aka sayo daga ƙetare, sai ya biyo ta hannun jami'in kwastan kafin ya isa kasuwa. Idan kayan suka yi kwana goma a tashar jiragen ruwa suna jiran sa hannu, ɗan kasuwa zai biya kuɗin ajiya da na hayar kwantena da na motar da ke jira, sannan ya ɗora duk wannan a kan farashi. Mai saye a kasuwar Maraɗi ko Injamena ko Kano shi ne zai biya daga ƙarshe, ko da kuwa bai taɓa ganin teku ba. Lamarin ya fi tsanani ga ƙasashen da ba su da gaɓar teku, irin su Nijar da Chadi, domin kayansu sai sun ratsa hannun kwastan na ƙasa biyu ko uku.

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da ƙarfafa hukumar kwastan, da dalilin da ya sa ƙasashe suka mayar da hankali a kansa tun daga shekarun 2000. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ana auna ƙarfin hukumar kwastan ta zamani ne da iyawarta wajen gane kayan da ya kamata a buɗe da wanda ya kamata a bari ya wuce. An kawo misalai daga tashar Duwala ta Kamaru da kuma hanyar da ta tashi daga Kwatano zuwa Yamai.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Hausa tana da kalmomi biyu na aro ga wannan hukuma. A Nijeriya da Gana ana cewa kwastan, wadda aka aro daga Ingilishi. A Nijar kuwa an fi jin duwan, wadda aka aro daga Faransanci. Ita kanta kalmar Faransancin asalinta yana komawa ga kalmar Larabci diwan, wato littafin lissafin hukuma ko ofishin da ake ajiye shi. A wannan takarda an yi amfani da kwastan ga dukkan ƙasashen.

Harajin da ake biya a kan kayan da aka shigo da su shi ne kuɗin fito. Wannan kalma ta girmi zuwan Turawa. Fito tun asali shi ne ƙetarar da mutum ko kaya a kogi, kuɗin fito kuma ladan mai jirgi ne. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 sukan biya fito a mashigai da garuruwan sarakunan da suke ratsawa, kuma yana cikin aikin madugu ya sasanta abin da ayari zai biya. Shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya don kauce wa wannan haraji shi ne fasa-ƙwauri ko sumoga.

Sauƙaƙa ciniki kuwa yana nufin rage yawan takardu da tsawon jira da ɗawainiyar da ke tattare da ƙetare iyaka. Kuɗin fito yana nan yadda doka ta yanka. Hanyar biyansa ce ake gajartawa. Ƙarfafa hukuma kuma ya ƙunshi gyaran doka da tsarin aiki, da horar da ma'aikata da kula da halayensu, da samar da kayan aiki, da kyautata hulɗa da 'yan kasuwa da hukumomin maƙwabta. Ke nan ya wuce taron bita na mako guda ko sayen kwamfutoci.

3.0 Nauyi Biyu a Kan Jami'i Ɗaya

Jami'in kwastan yana ɗauke da nauyi biyu masu jan sa ɓangarori mabambanta. Na farko, gwamnati tana son ya tara kuɗi ya kuma tsare ƙasa. A ƙasashen Afirka da dama, abin da ake karɓa a bakin iyaka babban kaso ne na harajin da ke shiga baitulmali, kuma da shi ake biyan albashi da gina makarantu. Haka nan shi ake sa ran ya tare makamai da miyagun ƙwayoyi da jabun magunguna. Na biyu, 'yan kasuwa da masu masana'antu suna son kayansu su fita da wuri.

Tsohuwar hanyar sauke nauyin farko ita ce a buɗe kowane kaya a ƙirga. Wannan yana yiwuwa idan mota biyar ce ke zuwa a rana. A tashar da ke karɓar dubban kwantenoni a mako kuwa, buɗe komai yana haifar da cunkoso, cunkoso kuma yana haifar da cin hanci, domin duk wanda ya gaji da jira zai nemi wanda zai "duba masa". Ga shi kuma binciken da aka yi wa kowa da kowa cikin gaggawa ba kasafai yake gano abin da aka ɓoye da gangan ba. Daga nan sai a yi asarar lokaci da kuɗin shiga gaba ɗaya. Duk gyare-gyaren da za a ambata a ƙasa ƙoƙari ne na warware wannan sarƙaƙiya.

4.0 Yarjejeniyoyin da Suka Shata Hanya

Ƙungiyar Kwastan ta Duniya, wadda ake taƙaitawa WCO da Ingilishi ko OMD da Faransanci, tana da mazauni a Burasels ta ƙasar Beljiyam. An kafa ta a 1952, ta yi zamanta na farko ranar 26 ga Janairu 1953, shi ya sa ake bikin ranar kwastan ta duniya a wannan rana kowace shekara. Tana da mambobi sama da 180. A 1999 ta sabunta Yarjejeniyar Kiyoto ta 1973 a kan sauƙaƙawa da daidaita ayyukan kwastan, sabuwar kuma ta fara aiki a watan Fabrairu 2006. A 2005 ta fito da tsarin SAFE, wanda ya haɗa tsaron kaya da saurin fitarsu.

Da yake ƙasashe masu tasowa da yawa sun amince da waɗannan ƙa'idoji ba tare da halin aiwatar da su ba, a 2006 ƙungiyar ta ƙaddamar da shirin Columbus. Matakansa uku ne: ƙwararru su binciki halin da hukuma take ciki, a tsara gyara a aiwatar, sannan a auna sakamako. Ƙasashe fiye da 100 ne aka yi wa binciken matakin farko.

Ita ma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta cim ma Yarjejeniyar Sauƙaƙa Ciniki a Bali ta Indonesiya a watan Disamba 2013. Nijar ta tabbatar da amincewarta a 2015, Nijeriya a Janairu 2017, Chadi kuma tana cikin ƙasashe huɗun da amincewarsu ta cika adadin da ya sa yarjejeniyar ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairu 2017. Wani abin lura game da ita shi ne ta bar wa ƙasa mai tasowa ta kasa alkawuranta gida uku: waɗanda za ta cika nan take, da waɗanda take buƙatar lokaci, da waɗanda ba za ta iya cikawa ba sai an tallafa mata da horo da kayan aiki. Wato an shigar da ƙarfafa hukuma cikin jikin yarjejeniyar kanta. A rahotonta na 2015, ƙungiyar ta ƙiyasta cewa cikakken aiwatarwa zai rage ɗawainiyar ciniki da kashi 14.3 cikin 100 a matsakaici.

5.0 Ginshiƙan Ƙarfafawa

5.1 Harshe Ɗaya na Kaya da Ƙima

Kafin a yanka wa kaya haraji, sai an amsa tambayoyi uku: mene ne kayan, nawa ne ƙimarsa, daga ina kuma ya fito. Domin amsa ta farko akwai Daidaitaccen Tsarin Lambobin Kaya, wanda ya fara aiki a 1988. Ya kasa kayan ciniki zuwa rukunoni fiye da 5,000, kowanne da lamba mai alƙaluma shida da ake ganewa a ko'ina. Alal misali, shinkafar da ba a sussuke ba 1006.10 ce, wadda aka gyara 1006.30, gutsattsarinta kuma 1006.40. Goro ma yana da tasa, wato 0802.70. A kan waɗannan lambobi ne ƙungiyar ECOWAS, ko CEDEAO da Faransanci, ta gina harajinta na bai-ɗaya da ya fara aiki a Janairu 2015, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100.

Game da ƙima, ƙa'idar duniya ita ce a fara da farashin da aka biya a zahiri. A ɗauka kaya sun kai sefa miliyan 10, harajinsu kuma kashi 10 cikin 100 ne. Abin biya shi ne miliyan 1. Idan aka kawo rasit na ƙarya mai nuna miliyan 6, baitulmali ya yi asarar sefa 400,000 ba tare da an ɓoye ko da kwali ɗaya ba. Buɗe kwantena ba zai tona wannan ba. Jami'in da ya san farashin kasuwa, ya kuma iya karanta takardun banki da na jirgi, shi ne zai gano. Saboda haka horo a kan lamba da ƙima da asalin kaya shi ne tubalin farko.

5.2 Na'ura da Tantance Haɗari

A 1981 ECOWAS ta nemi taimakon hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki da raya ƙasa, wato UNCTAD, wajen tattara alƙaluman ciniki. Daga nan aka samar da manhajar ASYCUDA, wadda ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira SYDONIA, kuma ta bazu zuwa ƙasashe da yankuna wajen 100. Wakilin ɗan kasuwa yana shigar da bayanin kaya a kwamfuta, manhajar ta lissafa haraji, sannan ta tura kayan zuwa ɗaya daga cikin layuka huɗu. Kore na nufin a saki kaya nan take. Rawaya na nufin a duba takardu. Ja na nufin a buɗe kaya a gani da ido. Shuɗi kuma na nufin a saki kaya yanzu, a bi sawu daga baya a binciki littattafan kamfanin.

Wannan rabo shi ne ake kira tantance haɗari. Ana la'akari da irin kayan, da ƙasar da suka fito, da tarihin mai shigo da su. Kamfanin da ya daɗe yana bin doka, littattafansa kuma a buɗe suke, yana iya samun matsayin amintaccen ɗan kasuwa a ƙarƙashin tsarin SAFE, a riƙa sakin kayansa da wuri. Da haka sai jami'ai su tattara ƙarfinsu a kan 'yan kayan da ake shakka. Sai dai manhaja tana aiki ne da abin da aka zuba mata. Idan ba a shigar da sakamakon binciken jiya ba, ko kuma aka bar jami'i yana mayar da kaya daga rawaya zuwa ja yadda ya ga dama, to tsohon ciwo ne ya koma cikin sabuwar na'ura.

5.3 Ma'aikata: Darasin Duwala

Tashar Duwala ita ce babbar ƙofar Kamaru, kuma ta nan ne kaya masu yawa na Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suke bi. Hukumar kwastan ta Kamaru ta fara aiki da SYDONIA a 2007. Amfanin farko da shugabanni suka samu shi ne alƙaluma: manhajar tana rubuta wanda ya taɓa kowace takarda, da lokacin da ya ɗauka, da abin da ya gano. Aka ga wasu jami'ai suna riƙe takardu kwanaki ba dalili, wasu kuma suna tura kaya layin ja alhali ba sa gano laifin komai.

A watan Fabrairu 2010, a zamanin shugabancin Minette Libom Li Likeng, hukumar ta fara gwajin yarjejeniyar aiki a manyan ofisoshi biyu na tashar, da goyon bayan Bankin Duniya da Ƙungiyar Kwastan ta Duniya. Kowane jami'i mai duba takardun kaya ya sa hannu tare da shugabar hukumar a kan ma'aunai iri biyu: saurin sallamar takardu, da kuma gano maguɗi tare da ƙwato harajin da aka so a danne. An haɗa biyun ne don kada wani ya yi sauri ta hanyar kau da kai, ko ya fake da bincike ya tsare kaya. Wanda ya yi ƙoƙari yakan sami takardar yabo a fayil ɗinsa da damar ƙarin horo, wanda ya gaza kuma ana iya ɗauke shi daga ofishin. Cikin watannin gwajin, lokacin sallamar takardu ya ragu ƙwarai, kuɗin shiga kuma ya ƙaru.

Darasin a fili yake: na'urar ta yi shekara uku tana aiki kafin wannan, amma sauyin ya zo ne lokacin da aka yi amfani da alƙalumanta wajen yi wa kowane ma'aikaci hisabi. Wannan ya yi daidai da Sanarwar Arusha ta 1993, wadda aka sabunta a 2003, inda hukumomin kwastan na duniya suka amince cewa yaƙi da cin hanci yana buƙatar shugabanci nagari da sauƙin dokoki da adalci wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da albashi.

5.4 Maƙwabta: Hanyar Kwatano zuwa Yamai

Masu iya magana na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke sayowa ta teku suna sauka ne a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, su yi tafiyar kilomita sama da 1,000 ta Paraku da Malanbil, su ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Gaya, sannan Doso da Yamai. Irin waɗannan kaya masu ratse ne: ba a biyan kuɗin fitonsu a Benin, sai a Nijar. Fargabar Benin ita ce kada a sauke su a hanya a sayar a kasuwarta ba haraji. Wannan fargaba ce ta haifar da rakiyar jami'ai da shingaye da kuɗin jingina, waɗanda duk suke ƙara tsada.

Tun a 1982 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Kwatano kan yarjejeniyar ratsen kaya ta mota, wadda ta tanadi takarda ɗaya da jingina ɗaya daga tasha har zuwa inda za a sauke. A aikace kuwa, shekara da shekaru ana sake takarda a kowace iyaka, domin wata hukuma ba ta ganin abin da ɗayar ta rubuta, ba ta kuma yarda da shi ba. A 2019 aka fara aiki da tsarin SIGMAT, wanda ya haɗa kwamfutocin kwastan na wasu ƙasashe, ciki har da Kwaddibuwa da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar. Bayanin da aka shigar a tashar farko yana isa ofishin ƙarshe tun mota ba ta iso ba, idan ta iso kuma saƙo ya koma cewa kaya sun sauka lafiya. Bugu da ƙari, an gina ofisoshin iyaka na haɗin gwiwa, inda jami'an ƙasa biyu za su duba mota a wuri guda, kamar na Malanbil da na Seme-Kirake tsakanin Benin da Nijeriya, wanda aka buɗe a Oktoba 2018.

6.0 Inda Ƙarfin Hukuma Yake Tsayawa

Duk waɗannan gyare-gyare suna ƙarƙashin hukuncin siyasa. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020, inda Illela da Maigatari suke cikin na farko. Wannan ya faru ne 'yan makonni bayan taron Yamai na Yuli 2019, wanda ya ƙaddamar da matakin aiwatar da yankin ciniki maras shinge na nahiyar Afirka.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe gadar Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren a 2024 da 2025 bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mafi tsawo, cikin ayarin motoci da rakiyar soja. A Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A irin wannan hali, ofishin haɗin gwiwa da kwamfutocin da aka haɗa ba su da motar da za su sallama.

Akwai kuma matsalolin yau da kullum. Ƙananan ofisoshin iyaka sukan yi fama da rashin wutar lantarki da intanet. Kwastan ba ita kaɗai ce a bakin iyaka ba; akwai 'yan sanda da jami'an lafiya da na tsirrai da dabbobi, kuma jinkirin ɗaya jinkirin kowa ne. Sannan ƙananan 'yan kasuwa masu ƙetarawa da wake ko albasa ko awaki, waɗanda da yawansu mata ne, sau da yawa ba su san abin da doka ta ce su biya ba, domin an rubuta ta da Faransanci ko Ingilishi. A nan akwai aiki ga ɗaliban harshe: fassara jadawalin haraji da matakan aiki zuwa Hausa da sauran harsunan iyaka, da daidaita kalmomin fannin, wani ɓangare ne na sauƙaƙa ciniki, tun da wanda ya san haƙƙinsa ya fi wuyar cuta.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa hukumar kwastan tana tsakanin buƙatar tara kuɗi da tsaro da kuma buƙatar sakin kaya da wuri, kuma hanyar biyan buƙatun biyu ita ce sanin abin da ya cancanci bincike. Wannan sani yana samuwa ne daga jami'in da ya ƙware a lamba da ƙima, da manhajar da ake ciyarwa da bayanan gaskiya, da shugabancin da ke auna aikin kowa kamar yadda aka gani a Duwala a 2010, da kuma yarda tsakanin hukumomin maƙwabta kamar yadda SIGMAT ya nufa. Abin da ya faru a gadar Malanbil daga 2023 ya nuna cewa sharaɗin farko shi ne gwamnatoci su bar hanya a buɗe. Inda aka sami wannan, kowace rana da aka rage daga jiran mota a bakin iyaka ragi ne a kan abin da magidanci zai biya a kasuwa.